Haƙoran Inna a Tukunyar Dakta

Gwaggo,

Nakan karanta shawarar da kike ba masu rubuto miki, don Allah ni ma ki taimake ni. Wata huɗu ke nan abu yana cina a ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Ban yi karatu mai nisa ba, a aji biyar na firamare na tsaya, saboda haka in maganata ta yi kewaye-kewaye ki yi haƙuri ki bi ni a hankali.

Kwana tara da rasuwar mahaifiyarmu, Inna, ina zaune a ɗakinta ina ninke kayanta, sai na ci karo da haƙoranta na roba ɗaure cikin hankici. Ni na ɗaure su da hannuna ranar da ta cika a asibiti, na dawo da su na cusa ƙarƙashin matashi na manta. Na kwance su, na ɗora a kan teburin keken ɗinkinta, na sama a kan na ƙasa, yadda ya kamata su zauna. Suka ƙi zama. In na danna dama hagu ya ɗaga, in na danna hagu dama ya ɗaga. Jan da ke jikinsu, wanda aka yi shi kamar dasashi, ya koɗe ya yi fari-fari. Gwaggo, shekarata goma sha shida ina wanke-wanke a gidan abinci. Na san kamannin roba idan ta sha ruwan zafi. Na sha ganin farantin roba ya karkace ya daina zama a tebur har mu jefar da shi. Ina kallon haƙoran nan na gane abin da ke gabana tun kafin kowa ya buɗe baki.

Matar yayana ta shigo ta same ni a haka. Na tambaye ta wa ke wanke wa Inna haƙora. Baiwar Allah ba ta san komai ba, har da ɗan alfahari ta gaya mini ai maigidanta ne da kansa, duk mako sai ya tafasa su a 'yar tukunyarsa, shekara biyu bai taɓa fashi ba.

A nan na tuna abin da na gani ranar rasuwar. Da na cire mata su, shi ne karon farko a shekara goma sha ɗaya da na ga bakin mahaifiyata babu haƙoran. Saman bakin ja wur kamar an ƙona. Dasashin ƙasa da miki biyu, ɗaya ya yi zurfi har gefensa ya yi tauri. Ga wani farin abu kamar gudajin madara a harshe da cikin kumatu. A lokacin na ɗauka aikin ciwon ajali ne, na rufe mata baki. Ashe a cikin wannan bakin ta yi shekara biyu tana gaishe mu da murmushi.

Bari in gaya miki ko wane ne yayan nawa. Dakta ake ce masa, amma ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa leƙawa ba. Kemis gare shi a bakin titi. Ya yi wani kwas na 'yan watanni, ya rataye takardar a bango cikin gilashi, ya ɗinka farar riga, Inna ce ma ta ɗinka masa ta farko. Tun daga ranar ba a ƙara jin kalmar ban sani ba a bakinsa ba. In akuyarki ta yi tari Dakta yana da bayani. In mota ta ƙi tashi, ƙwayoyin cuta ne. Yana da wata 'yar tukunya mai murfi da yake tafasa almakashi da kayan wankin ciwo a ciki, kuma a ganinsa duk abin da bai shiga tukunyar nan ba ƙazanta ne. Da zai samu dama da mu ma ya tafasa mu. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to shi nasa ƙuƙumin a wuyan uwarmu ya ɗaura shi. Mutumin da yake haska tocila a maƙogwaron duk wanda ya shigo shagonsa sayen maganin mura, bai taɓa ce wa wadda ta haife shi ta buɗe baki ya gani ba.

Inna tela ce. Da haƙori take yanke zare tun tana budurwa, shi ya fara cinye mata na gaba, ciwon suga ya zo ya ƙarasa sauran. Babanmu tsohon direban babbar mota ne, shi ma nasa sun zube sai 'yan kaɗan a ƙasa. A wata ɗaya aka yi musu na roba su biyu. Lokacin suna gidansu, akwai kofi biyu a kan tagar ɗakinsu, shuɗi na Inna, kore na Baba. Baba ma'aikata yake kiran nasa. In ya cire su zai kwanta sai ya ce ma'aikata sun tashi daga aiki, kowa ya kama gabansa. Ya taɓa ba mu labarin wata safiya da ya ɗauki na Inna bisa kuskure, ya ce duk yinin ranar bakinsa ba ya son komai sai faɗa da zancen tsadar zare. Inna ta jefe shi da ƙwaryar maɓallai, tana dariya har da hawaye. Amma ita ba ta wasa da nata. Mace ce mai kunya da son tsafta, ba ta taɓa yarda ko ɗaya daga cikinmu ya gan ta babu su ba. Baba kaɗai ya san fuskarta a haka.

Shekara biyu da suka wuce ƙafafun Baba suka yi rauni, Dakta ya kwaso su ya dawo da su gidansa. Ban hana masa wannan ba, ni ɗaki ɗaya gare ni a saman bene. Sai dai ɗakin da ya ba su yana jikin falo, labule ne kawai a ƙofar, suruka na wucewa, baƙi na wucewa, masu neman allura na zaune suna leƙe. Inna ta daina cire haƙoranta kwata-kwata, da su take yini da su take kwana. Shuɗin kofin ya koma mazubin allurai da maɓallai. Da Dakta ya ji bakinta ya fara wari, bai tambaye ta komai ba, sai ya kafa doka, duk mako a ba shi ya kashe ƙwayoyin cuta. Matarsa ta ce Inna takan miƙo su ta bayan labule a naɗe cikin hankici, ta koma ta zauna tana fuskantar bango har sai an dawo da su. Shi kuma ya kawo su a kan faranti suna tururi, yana ta bayanin irin cututtukan da ya hallaka. Baba ya ƙi ba da nasa, ya ce ma'aikatansa ba su da wani shugaba sai shi, in ya ga Dakta ya ɗora tukunya sai ya jefa su a aljihun riga.

Inna mai son abu mai ƙaras-ƙaras ce. Gyaɗa ba ta yankewa a aljihun kekenta, in ta samu ƙashin kaza sai ta ga bayansa. Ta fara barin gyaɗa, sai nama, sai shinkafa. Ta koma burodi a jiƙe cikin shayi, daga baya shayin kawai. In tana magana sai ki ji wani ƙas-ƙas a bakinta, sai ta rage maganar, ta daina dariya, in za ta amsa gaisuwa sai ta kare baki da gefen mayafi. Rigunan da ta ɗinka wa kanta suka koma kamar na aro. Dakta ya ce tsufa ne. Ya kawo maganin sa cin abinci, ya kawo na ƙarin jini, ya kawo na tsutsar ciki. Na ƙirga kwalabe bakwai a jere a kan tagarta. Mace tana jin yunwa, bakin ne ba ya taunawa, shi kuma yana ɗura mata abin da zai ƙara mata yunwar. Daga baya tari ya kama ta da zazzaɓi, kwana biyar a asibiti ta cika. Likitocin gaskiya sun ce ciwon huhu ne, kuma jikin ba shi da ƙarfin da zai yi yaƙi da shi. To ina zai samu ƙarfi?

Akwai abin da ban so in rubuta ba, amma tunda ba ki san ni ba bari in faɗa. Duk ranar hutuna ina zuwa wajenta. Ina jin warin. Nakan saya mata alawa mai sanyaya baki in ajiye mata, in zauna ta wajen ƙofa inda iska ke shigowa. Sau ɗaya ta fara ce mini bakinta ba ya mata daɗi, na ce ta gaya wa Dakta tunda shi ne masani, da gatse na faɗa, don in soke shi. Ba ta sake ɗaga maganar ba. Wata rana kuma zan tafi ta riƙe mini wuyan hannu kamar akwai abin da za ta ce, na ce mata zan rasa mota. Ina son uwata, Gwaggo, Allah ya sani. Ni nake yanke mata farce, ni nake mata kitso, ni nake shafa mata mai a ƙafa. Amma ni ba likita ba ce, ban taɓa cewa ni likita ba ce, ba ni na rataye takarda a bango ba.

Tun ranar da na kwance hankicin nan ban sake taka gidan Dakta ba. Ba zan iya ganin farar rigar nan ba. Ranar zaman makoki shi ya fi kowa kuka, yana gaya wa mutane irin hidimar da ya yi, ana ta sa masa albarka. Hidima! Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In na tuna shi tsaye a kan tukunyar nan yana duba agogo, sai in ji raini ya cika ni.

Ga inda matsalar take. Baba yana can. Tun rasuwar Inna ya saki komai, ba ya musu da kowa, ba ya ɓoye ma'aikatansa, Dakta yana ɗauka yana tafasawa duk mako. Matarsa takan biyo ta ƙofar baya ta wurin aikina ta ba ni labari. Ta ce Baba ya fara ture nama gefe, da gefe ɗaya yake tauna, kuma ya fara tsoma burodi a shayi. Na ce mata ta hana mijinta. Ta gwada, ta ce masa ta ji an ce ruwan zafi yana lalata roba. Ya gane daga inda maganar ta fito, ya tambaye ta a wace jami'a mai wanke-wanke ta karanci ilimin ƙwayoyin cuta. Ba ta ƙara ba, kuma ban ga laifinta ba.

Saboda haka na yanke shawara. Ƙarshen watan nan ƙannenmu biyu da ke nesa za su zo, za mu zauna a kan kayan Inna da kekenta. Ina so in bari sai kowa ya hallara, Dakta ya gama jawabinsa, sai in kwance hankicin in ɗora haƙoran a kan tebur, in danna su suna rawa a gaban kowa, in ce masa ya yi mana bayani tunda bayani ne sana'arsa. Ina so ya ji kunyar da Inna ta ji tana fuskantar bango. Saura mako uku. Kullum ina wanke kwanuka ina shirya maganar a raina.

Abin da nake so daga gare ki, ki tabbatar mini tafasawar nan ce ta kashe ta, don in na faɗa kada ya murɗe ni da manyan kalmomi. Ki gaya mini yadda ake wanke irin haƙoran nan na gaskiya, don in faɗa a gabansa dalla-dalla ya san mai wanke-wanke ta fi shi. Kuma ki gaya mini ko in bari Baba ya kasance a wurin, don ina tsoron in ya gane zai ɗora wa kansa, shi da yake kwana kusa da ita. Haƙoran suna nan a cikin jakata, da su nake zuwa aiki. Har yau ban je na ga Baba ba, kuma ban gaya masa komai ba.

Mai wanke-wanke

*

'Yata mai wanke-wanke,

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba ta yi kewaye ba, ta tafi kai tsaye inda ciwon yake. Ni ma zan yi miki haka.

Idonki bai yaudare ki ba. Ni ba likita ba ce, don haka na kai maganar wurin wata likitar haƙori kafin in amsa miki. Ta ce ruwan zafi yana karkatar da haƙoran roba, tafasawa kuwa ta fi muni, kuma in sun karkace ba sa komawa daidai. Haƙorin da bai zauna ba yana gurzar dasashi ya yi miki, kwana da shi dare da rana yana kawo irin jan nan da farin abin da kika gani, mai ciwon suga kuma abin ya fi saurin kama shi. Abin da kika koya a bakin kwanuka gaskiya ne, abin da yayanki ya yi kuskure ne babba, kuma girman kan da ya hana shi tambaya ya fi kuskuren muni. Mai sayar da magani da ya jera wa tsohuwa kwalabe bakwai bai duba bakinta ba, farar rigarsa ta fi shi aiki. Wannan na ba ki.

Amma ba zan ce miki tafasawar ce ta kashe ta ba, don ban sani ba, likitar ma ta ce ba wanda zai iya rantsewa a kan haka. Inna tana da shekaru, tana da suga, ciwon huhu yana ɗaukar tsofaffi masu haƙoransu na asali ma. Bakin ya wahalar da ita, ya rage mata ci, wataƙila ya rage mata ƙarfi. Iyakar abin da za a iya faɗa ke nan. In kika ce ya kashe ta a gaban 'yan'uwa, kin faɗi abin da ba ki da tabbas a kansa, kuma irin wannan magana ba a mayar da ita ciki.

Yanzu ki saurare ni da kyau. A duk gidan nan, mutum ɗaya ne ya ji warin bakin Inna ya tashi ya yi wani abu. Ya yi shi da jahilci, amma ya yi shi mako bayan mako har shekara biyu, da hannunsa. Ke kin ji warin kika matsa kusa da ƙofa. Hannun da ke wanke kwanukan baƙi ɗari a yini bai taɓa karɓar hankicin nan ba, kuma da ya karɓa sau ɗaya, da kin gane tun a watan farko. Ban faɗa don in ƙara miki ciwo ba. Kin riga kin sani, shi ya sa kika rubuta shi, kuma ina zaton rabin rainin da kike ɗora wa Dakta naki ne kike neman inda za ki sauke. Laifi tudu ne. Ki sauko daga naki, ki nemi gafarar Allah, ki yafe wa kanki. Kunyar Inna ta rufe muku ido ku duka, kuma 'ya'ya da yawa masu son iyayensu suna yanke farce suna shafa mai, ba ya taɓa faɗo musu su duba baki.

Abin da ba zan yafe miki ba shi ne mako ukun nan. Wata huɗu kina riƙe da sanin da zai ceci bakin babanki, kina adana shi kamar kayan ado sai ranar taro. Mako uku tafasawa uku ne. Tsoho ya rasa matarsa, 'yarsa ta ɗauke ƙafa bai san dalili ba, ya fara tsoma burodi a shayi, ke kuma kina shirya jawabi. Ki bar zancen teburin nan. In kika kunyata Dakta a gaban ƙannensa zai kare kansa ne kawai, ƙofar gidan ta rufe miki, Baba kuma yana ciki.

Gobe ki je. Ki sayi buroshi mai laushi, ki nemo koren kofin nan. Ki zauna kusa da Baba, ki ce kin zo duba lafiyar ma'aikata, ki wanke hannu ki duba bakinsa a wurin haske: dasashi, saman baki, harshe, cikin kumatu. Sannan a makon nan ki kai shi wurin likitan haƙori tare da haƙoran, ya duba ko za su gyaru ko sai an yi sababbi. Kada kowa ya ce zai lanƙwasa su ko ya goge su da wani abu a gida. Kafin ku je, in suna ji masa ciwo ya riƙa cire su yana hutawa, a ba shi abinci mai laushi mai gina jiki, kamar ƙwai da kifi da wake da ya dahu sosai.

Ga yadda ake kula da su, tunda kin tambaya. Bayan kowane cin abinci a cire a ɗauraye da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan, shi ma ya kurkure baki. Sau ɗaya a rana aƙalla a goge su ciki da waje da buroshi mai laushi da sabulu marar ƙarfi, ko abin wankinsu da ake sayarwa. Man goge baki na yau da kullum yana kankare su, garin goge tukunya da ruwan cire dattin tufafi kuwa kada su kusance su. A wanke su a kan roba mai ruwa ko tawul, don in sun suɓuce kada su fashe. In zai kwanta a cire su a saka a kofi cikin ruwa mai tsafta, a sauya ruwan kullum, a ɗauraye da safe kafin ya saka. Bakin kansa ma yana son wanki: a goge dasashi da harshe da saman baki a hankali da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsafta a jiƙe, 'yan haƙoransa da suka rage kuma a goge su da man goge baki safe da dare. Ya riƙa shan ruwa. Duk mikin da ya wuce mako biyu bai warke ba, likita zai gani. Ko ba abin da ke damunsa, a kai shi a duba sau ɗaya a shekara, don dasashi yana ramewa da shekaru, haƙoran da suka zauna bara sai su yi sako-sako bana. Ki kuma roƙi matar yayanki a sa wa ɗakin ƙofa, tsoho ya samu inda zai cire haƙoransa ba ido a kansa.

Shi kuma Dakta, ki ce masa ya raka ku wurin likitan. Ke ba zai ji daga bakinki ba, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Amma zai ji daga bakin mai takardar da ta fi tasa, kuma zai haɗa lissafin sauran da kansa, ba sai kin ce uffan ba. In ya ƙi zuwa, ki same shi a shagonsa shi kaɗai, ki ɗora hankicin a gabansa, ki gaya masa abin da kika gani a bakin Inna, ki haɗa da ranar da ta riƙe miki hannu kika ce za ki rasa mota. Wanda ya fara da nasa laifin ana saurarensa. Mutumin da ya yi kukan da kika faɗa, abin da zai ji a ransa ya fi duk kunyar da kika shirya masa, kuma a ranar zai buƙaci ƙanwa. Ko ya ji ko bai ji ba, tukunyar ta daina taɓa haƙoran Baba daga gobe, wannan ba abin shawara ba ne.

Baba kuwa ba sai kin kwance masa hankicin ba. Ki ce masa an gano ruwan zafi yana ɓata su, shi ke nan. In ya tambaya game da Inna kada ki yi masa ƙarya, amma ki bar shi ya tambaya da kansa.

Allah ya ba Baba lafiya da tsawon kwana, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, ya sanyaya miki zuciya. Ki cire haƙoran Inna daga jakarki ki adana su a gida, sun gama aikinsu. Na Baba ne ba a duba ba tukuna.

Gwaggo